Iyafulo Uku, Ciwo Bai Tafi Ba: Nazarin Wata Golf 4 Mai Turbo da Wayarta Ta Karye a Ɓoye

Da hantsi motar ta iso garejinmu, a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke sake kwanciya a gilashi tun mutum bai gama goge shi ba. Golf 4 ce ƙirar 2002, 'yar Kwatano, mai injin 1.8T samfurin AUM, ƙarfin doki 150. Mai ita dattijo ne, ma'aikaci da ya kusa ajiye aiki, kusan kowane mako yana kan hanyar Kano zuwa Zariya saboda iyalinsa suna can. Muna gama gaisawa ya buɗe but, ya ɗauko wata baƙar leda ya zazzage a kan benci. Ma'aunin iska ne guda biyu, abin da muke kira iyafulo a gareji. Na uku yana jikin motar.

"Malam, ka ga waɗannan? Wannan shi ne wanda ta zo da shi. Wannan saye na yi, na cikin motar ma saye ne, duk a cikin wata huɗu. Kowanne aka sa sai ta yi kwana biyu lafiya lau, sai ta koma gidan jiya. Yanzu kuma an ce mini birenbos ne ya lalace."

Na ce, "Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Bar mini ita zuwa gobe da yamma."

Na rubuta wannan aikin daki-daki ne saboda yaran da ke koyon wayarin mota, da kuma masu motocin da ake ta sa wa sayen kaya. Ciwon bai kai kuɗin iyafulo ɗaya ba, amma ya ci wata huɗu, kuma saura ƙiris ya ci rai.

Abin da mai mota ya ji da jikinsa

Na zaunar da shi na ce ya ba ni labarin ciwon, ba abin da kanikawa suka faɗa masa ba, abin da shi ya ji yana riƙe da sitiyari. Ashe ƙorafi biyu ne ya haɗe su wuri guda. Na farko na kullum ne: a silo motar na rawa, salansa na warin ɗanyen fetur, tanki kuma ba ya auki kamar da. Na biyu ba kullum ba, sai idan ya taka totur da ƙarfi. Motar za ta ɗauka, sai ta fizge sau ɗaya, sai ƙarfi ya ɗauke kamar an riƙe ta ta baya, fitilar injin ta kawo, wani lokaci har da ta ASR, wato tsarin da ke hana taya sulɓi. In ya faka ya kashe ya sake kunnawa, ƙarfi ya dawo.

Abin da ya sa ya kawo ta wurinmu shi ne ranar da ta yi masa haka wajen Kwanar Dangora, ya fita zai wuce tirela, yana daidai tsakiyarta ƙarfi ya ɗauke, ga wata motar a bayansa da gudu. Yana faɗa yana girgiza kai. Ciwon da ke zuwa daidai lokacin da direba ya fi bukatar ƙarfi ba ƙaramin ciwo ba ne, ko da waya ɗaya ce sanadinsa.

Kafin a shiga aikin, ya kamata a san me wannan na'ura ke yi. Iyafulon wannan mota ƙirar Bosch ne, samfurin HFM5, a takardun Volkswagen kuma G70 ake rubuta shi. Yana zaune a bakin akwatin iyakilina, can bayan batir. A cikinsa akwai wata 'yar fata siririya da ake ɗumama tsakiyarta, da ma'aunin zafi gefe da gefe. Iska in ta wuce sai ta sanyaya gefen da ta fara tararwa, ta kwashi ɗumin zuwa ɗaya gefen. Bambancin zafin nan shi na'urar ke mayarwa wuta, daga kimanin bolt 1 in babu iska, zuwa sama da bolt 4 in injin na aiki da dukkan ƙarfinsa. Ƙwaƙwalwar injin, wadda ake kira birenbos, a nan Motronic ME7.5 ce, da wannan saƙo take lissafin yawan man da nozil zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

A mota mai turbo lamarin ya fi nauyi. Iskar da aka auna ba kai-tsaye take shiga injin ba. Sai ta gangara ta tiyo zuwa turbo a bayan injin, a matsa ta, ta bi wani dogon bututu zuwa intakula, mai sanyaya iskar, da ke ƙasan fitilar gaba ta dama, sannan ta hau zuwa maƙogwaron totur. Ƙwaƙwalwar kuma ita ke iko da matsin turbo ta hanyar wani ɗan bawul mai suna N75. Duk sa'ad da saƙon iyafulo ya ɓace ko ya zo da abin da hankali ba zai ɗauka ba, sai ta daina yarda da shi, ta koma ƙiyasta iska daga buɗewar totur da gudun injin, ta kuma rage matsin turbo don kada injin ya illata. Wannan shi ne riƙewar da Alhaji yake ji.

Lambobi biyu da suka saɓa wa juna

Na jona VCDS, manhajar kwamfuta da ke karanto lambobin matsala daga ƙwaƙwalwar motocin Volkswagen. Lambobi biyu ne a ajiye. Ta farko 16486, wato P0102, saƙon iyafulo ya yi ƙasa ƙwarai, kuma an nuna lokaci-lokaci yake faruwa. Ta biyu 17545, wato P1137, mai ya yi yawa a silo har ƙwaƙwalwa ta gaji da ragewa.

Na bar injin ya yi zafi, na kashe AC da fitilu, na buɗe rukuni na 002 a kwamfutar, inda ake ganin yawan iskar da iyafulo ke aunawa. A silo, wannan injin ya kamata ya nuna tsakanin giram 2.0 zuwa 4.5 na iska a sakan, galibin masu lafiya suna zama wajen 3 da ɗoriya. Wannan tana yawo tsakanin 4.6 da 5.4, ba ta tsayawa wuri guda. Rukuni na 032, inda ake ganin gyaran da ƙwaƙwalwa ta koya, ya nuna tana zaftare mai da kusan kashi 9 a silo.

A nan na tsaya na yi shiru. Lamba ta ce saƙo ya yi ƙasa. Abin da idona ke gani ya ce saƙo ya yi sama. Na'ura ɗaya in ta tsufa ko ƙura ta rufe ta, galibi ƙasa take karantawa, mota ta rasa mai. Ba kasafai take ƙarya ta fuska biyu ba, balle a ce na'urori uku daban-daban duk sun yi ƙarya iri ɗaya. Abin da bai canza ba a wata huɗun nan shi ne soket da wayoyin da ke bayansa.

Duk da haka ban tsallake abin da ya wajaba ba. Na duba zafin ruwa a kwamfuta, domin sensar ruwa ta waɗannan motoci, tsohuwar mai baƙin kai, ta yi suna wajen sa mota shan mai, shi ya sa kamfani ya sauya ta da mai koren kai. Ta nan koriya ce, tana nuna digiri 90. Na toshe tiyon shiga turbo na hura iska mai matsin kimanin rabin "bar" don neman inda take yoyo, muka bi kowane haɗi da ruwan omo. Kilif ɗaya ya ɗan yi kumfa a bakin intakula, na ƙara ɗaure shi. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Gwajin cire soket

Akwai gwajin da kusan kowane gareji ke yi, kuma shi ya jefa Alhaji cikin wannan asara. A cire soket ɗin iyafulo, a tada mota. In ta gyaru, a ce iyafulo ne. Ya tabbatar mini haka aka yi masa sau biyu a gabansa, kuma da idonsa ya ga motar ta daina rawa. To wa zai ƙi yarda?

Na maimaita gwajin a gaban yarona, motar kuwa ta natsu. Na tambaye shi me wannan ya nuna. Ya ce, "Oga, iyafulo ne." Na ce ya sake tunani: da muka cire soket, me muka fitar daga lissafi? Ba na'urar kaɗai ba. Ƙwaƙwalwa ta ga babu saƙo, ta koma ƙiyasi, ta daina sauraron layin gaba ɗaya. Ko na'ura ce ke ƙarya, ko waya ce ke ɓata gaskiyar na'ura a hanya, sakamakon ɗaya ne, mota za ta gyaru. Iyakar abin da gwajin ke faɗa shi ne saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa gurɓatacce ne. Ba ya faɗin inda ya gurɓata. Haka ita ma lambar P0102, layi take nunawa tun daga na'ura har ƙwaƙwalwa, ba ta ce a je kasuwa ba.

Wayoyi huɗu

Soket ɗin rami biyar ne da shi, amma waya huɗu ce a wannan injin. Ƙafa ta 1 ba kowa, domin ma'aunin zafin iska yana can jikin manifol, bututun da ke raba wa injin iska. Ƙafa ta 2 wutar batir ce, ta 3 negetif, ta 4 bolt 5 da ƙwaƙwalwa ke aikowa, ta 5 kuma ita ce saƙon da ke komawa.

Ban cire soket ba, domin waya sai tana aiki ake gane halinta. Na ja robar baya na zura siraran allurai ta gefen kowace waya har suka taɓa ƙarfen ciki. Kada a huda rigar waya, wannan ramin ne damina za ta bi. Kada kuma a cusa bakin mita ta gaban soket, yana buɗe ƙarfen ya daina kamawa, a zo gyara a ƙara ɓarna.

Ƙafa ta 2 ta ba ni bolt 13.9 injin na aiki. Akwai tarko a nan: wutar wannan ƙafa ta rilen famfon mai take biyowa, saboda haka in ka buɗe makulli kawai ba ka tada injin ba, ba za ka same ta ba, sai ka ɗauka waya ta mutu. Ƙafa ta 4 ta ba da 4.98. Lafiya.

Sai ƙafa ta 5. Da na auna ta da kan negetif na batir, na samu 1.58. Da na auna ta da ƙafa ta 3, wato negetif ɗin na'urar kanta, na samu 1.43. Na sa mita tsakanin ƙafa ta 3 da kan batir: 0.15, wani lokaci ya haura zuwa 0.20. Waya mai lafiya a nan bai kamata ta wuce 0.05 ko kusa da haka ba.

Wani zai ce mene ne 0.15 a motar da ke aiki da bolt 12? A fitila ko hon ba komai ba ne. A nan kuwa shi ne komai. Kamar a ce ana auna tsayin yaro yana tsaye a kan bulo. Yaron bai ƙaru ba, ma'aunin ma bai yi ƙarya ba, ƙasan ce ta ɗaga. Wutar da na'urar ke ɗumama fatarta da ita ta wayar negetif take komawa. In akwai cikas a wayar, sai negetif ɗin na'urar ya ɗaga sama da na ƙwaƙwalwa, duk abin da ta aika ya isa da ƙari. Kuma a ƙasan ma'aunin, tsakanin bolt 1.4 da 1.6, tazarar ta kai daga giram 3 zuwa kusan 5. Na'urar na faɗin gaskiya, ƙwaƙwalwa na jin iska ta yi yawa, tana ta zuba mai.

Muka bi damin wayoyin da hannu. Kamar taƙi ɗaya daga soket, a ƙarƙashin akwatin iyakilina inda ido ba ya kaiwa, sai ga wani kumburi na baƙin tef. Tef ɗin ya narke ya zama danƙo, ƙura ta manne masa. Da na warware shi, wayar negetif ce aka taɓa yankewa, aka feƙe bakin biyu aka murɗe su da hannu. Jan ƙarfen ya koma kore, wani wurin baƙi, yana ɓarɓashi in an taɓa. A rigar sauran wayoyin kuma ga shatar haƙora, ƙanana, a jere.

Na kira Alhaji a waya na tambaye shi ko motar ta taɓa daɗewa a ajiye. Ya ɗan yi jim, ya ce lokacin da ya tafi aikin Hajji ta fi wata a rufe, kusa da buhunan masara. Da ya dawo ba ta tashi daidai ba, aka kira wani rewaya ya gyara a ƙofar gida cikin 'yan mintoci. Shi har ya manta. Ban ga laifin mutumin sosai ba, ya tada mota da abin da ke hannunsa. Matsalar ita ce aikin wucin gadi ne aka bar shi ya zama na dindindin, wankin injin da damina ɗaya suka ƙarasa shi.

Ciwo na biyu

A nan ne aka fi yin kuskure, ni ma zuciyata ta raya mini in haɗa wayar in rufe bonet. An ga ɓarna da ido, me ya rage? Amma lissafi bai cika ba. Lalacewar negetif sama take tura saƙo. In ma ta yanke gaba ɗaya, P0103 za a gani, saƙo ya yi yawa. Mu kuwa P0102 ke gare mu, da ɗaukewar ƙarfi a kan gudu. Abin da muka samu ya bayyana warin fetur da rawar silo. Bai bayyana Kwanar Dangora ba.

Na haɗa negetif ɗin da kilif na ɗan lokaci, na tada injin. Iska ta sauka zuwa 3.3 nan take, ta tsaya cak. Na sa kwamfuta ta zana layin saƙon, yarona na kallo, ni kuma ina bin damin ina girgiza shi kaɗan-kaɗan tun daga wajen gilashi. Shiru. Na zo tsakiya, shiru. Da na iso bayan soket na ɗan ja wayoyin zuwa ƙasa, injin ya yi tuntuɓe kamar zai mutu.

"Oga, ta faɗi sifili! Ta dawo."

Na sake ja, ta sake faɗuwa. A ido wayar ta 5 ba ta da tabo ko ɗaya, rigarta sumul.

Saura a gane abin da ke jan ta a kan hanya. Muka sa duwatsu a tayoyi, aka ja birkin hannu, na tsaya a gefe ba a gaba ba, yaron ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci. Injin ya kwanta baya fiye da kima. Kujerar ƙasa, doguwar nan da ke riƙe giyabos da gindin mota, robarta ta yage. Akwatin iyakilina kuma, wanda ya kamata ya zauna daram a jikin bodi, notinsa ɗaya babu, ƙafar robar da yake zama a kai ta karye. Saboda haka in injin ya kwanta sai tiyon turbo ya ja iyafulo, iyafulo ya ja akwati, duka su tafi tare. Damin wayoyin kuwa ba ya iya bin su, domin wancan haɗin ya rage wa wayar negetif tsawo, aka kuma ɗaure damin tamau a jikin wani ƙarfe. Duk taka totur, duk canjin giya, wuri ɗaya ne ke lanƙwasa: bayan soket.

Don in tabbatar, kuma in san ko akwai wata ɓarnar a can ciki, na yi gwajin ƙwan fitila. Na kashe mota, na cire kan batir, bayan na tabbatar Alhaji na da lambar rediyonsa. Muka cire waifa da robar gindin gilashi inda ƙwaƙwalwar take, na zare soket ɗinta, na zare na iyafulo. Wannan sharaɗi ne: ba a yin gwajin nan ƙwaƙwalwa na jone, in ba haka ba birenbos ɗin da aka yi wa ƙazafi zai ƙone da gaske. Na nemo bakin kowace waya a taswirar wayarin motar.

Da farko na nuna wa yaron abin da mita ke yi. Na sa ta a wurin ƙara, na taɓa bakin wayar ta 5 biyu, ta yi ƙara. Na mayar da tsohon murɗin negetif yadda yake, ita ma ta yi ƙara. Galibin mitoci suna ƙara ko da akwai cikas na om 30 (om shi ne ma'aunin cikas a waya), kuma wutar da suke turawa ba ta kai ta kawo ba, silin jan ƙarfe ɗaya ya ishe ta wucewa. Wanda ya dogara da ƙarar nan zai rantse wayoyin lafiya suke.

Sai na tura wutar batir ta cikin kowace waya zuwa ƙwan birki mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya 2. Ta 2 da ta 4 suka haska tar, ko an girgiza. Ta 3 ta haska dishi-dishi, murɗin ya fara ɗumi a yatsana. Ta 5 ta haska tar, na lanƙwasa bayan soket, ta ɗauke. Na kama wayar da yatsu biyu na ja a hankali, sai wani wuri ya miƙe kamar cingam, ya sirance. Roba ce kaɗai a wurin. Na tsaga da reza: duk silin sun karye, bakinsu ya yi baƙi saboda gogar juna, suna fuskantar juna kamar tsintsiya biyu. In mota na tsaye suna taɓawa, in injin ya ja su rabu.

Wannan ya amsa tambayar da ta fi damun Alhaji, wato me ya sa kowane sabon iyafulo ke aiki kwana biyu. Mai sawa zai cire soket ya mayar, ya tura silin da suka karye su sake cuɗanya, ya motsa murɗin negetif tsatsar ta ɗan goge. Sannan a goge lambobi, fitila ta mutu, abin da ƙwaƙwalwa ta koya ya koma sifili. Mota ta yi kamar ta warke. Tafiya ɗaya zuwa Zariya ta mayar da komai yadda yake.

Gyaran

Ban yi faci ba. Wayar da ta karye a daidai bakin soket ba ta da wurin kamawa, kuma sauran ukun sun sha lanƙwasa iri ɗaya, gobe su ma za su bi sahu. Na aika aka yanko mini soket da wayoyinsa masu tsawo daga damin wata Golf da aka farfasa. Kafin in yi amfani da shi na gwada kowane rami da ƙafar wani mataccen iyafulo, in ji yana kamawa da ɗan ƙarfi, ba ya zamewa.

Na yanke tsohon damin can baya da inda haƙoran ɓera suka tsaya, inda jan ƙarfe ke sheƙi. In ka feƙe waya ka ga baƙi, ci gaba da yankewa, tsatsa na tafiya a cikin riga fiye da yadda ake zato. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da lambar ƙafa, ba da launi ba, domin launi na iya bambanta tsakanin shekara da shekara. In aka juya ta 2 da ta 4, bolt 12 zai shiga layin bolt 5 na ƙwaƙwalwa.

Haɗin kuwa matsewa na yi da ɗan bututun ƙarfe da filayar da aka yi don haka, na rufe kowanne da robar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Na san da yawa daga cikin abokan sana'a sun fi son dalma, kuma dalma mai kyau ta fi murɗi nesa ba kusa ba. Amma dalma na bin silin waya ta sandarar da ita, a wurin da ke girgiza kuma daidai inda sandarewar ta ƙare nan take karyewa. Shi ya sa kamfanonin mota da kansu matsewa suke yi a damin injin. Na jera haɗin huɗu nesa da juna, kowanne da tazarar yatsu biyu, don kada su taru su yi ƙulli ko su gogi juna. Na naɗe da tef na yadi mai jure zafi, na zura cikin bututun roba, na bar wa damin sararin da zai yi lilo ba tare da ya ja soket ba.

Akwatin iyakilina ya samu noti da sabuwar ƙafa. Bakaniken da muke aiki tare ya sauya kujerar ƙasa. In da an bar waɗannan biyun, sabuwar wayar ma lokaci kawai za ta jira. Fulogi huɗun sun yi baƙi ƙirin da tokar mai, aka sa sababbi. Baƙin mai na warin fetur, shi ma aka juye shi da filtarsa, domin turbo da wannan man yake rayuwa. Takardar iyakilina ta cika da ƙurar hunturu har ta yi nauyi, gefenta ya tsage saboda yawan bugawa da hura mata iska, na ce a sauya.

Da na mayar da batir na goge lambobi, na daidaita maƙogwaron totur a rukuni na 060. Faɗuwar wuta a ƙafa ta 3 ta koma 0.03. Silo ya zauna a giram 3.2 zuwa 3.4.

Sai na koma kan ledar Alhaji. Lambar da ta dace da wannan injin ita ce 06A 906 461 L. Wanda ta zo da shi ita ce a jikinsa, da tambarin Bosch. Wanda ke cikin motar ma L ne, na hannu, mai lafiya. Ɗayan kuwa A ce a ƙarshen lambarsa, na injin 2.0 marar turbo. Soket ɗinsu ɗaya, amma lissafin cikinsu daban, ko da wayoyi lafiya suke ba zai ba wannan injin gaskiya ba. Na mayar da na asalin, wanda aka yanke wa hukunci tun farko.

Washegari da safe muka fita Eastern Bypass, yaron na riƙe da kwamfuta. Kafin a tada injin, ma'aunin matsi a rukuni na 115 ya nuna kusan miliba 960, daidai da matsin iskar waje a tudun Kano. A giya ta uku na taka totur har ƙasa tun daga juyin injin 2000 a minti zuwa sama da 6000. Matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda turbo ya bayar suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Iska ta hau sumul ba gargada har giram 116 a sakan. Ƙiyasin da masu wannan injin ke yi shi ne a ninka ƙarfin doki da 0.8, wato kusan 120 ga mai doki 150, saboda haka a zafinmu da tudunmu 116 lafiya ce. Na maimaita sau huɗu, har da sakin totur da sake takawa da ƙarfi don injin ya yi kwanciyar da ya saba. Layin bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Na ce wa Alhaji ya dawo bayan mako biyu, domin kwana biyu ba shaida ba ce a kan wannan motar. Ya dawo bayan ya je Zariya sau biyu. Babu lamba ko ɗaya a ajiye. Rukuni na 032 ya nuna ragin da bai kai kashi 1 ba a silo, da ƙarin kashi 2 a kan tafiya. Na ɗaga akwatin iyakilina na duba damin, yana nan yadda na bar shi, ba alamar guga.

Abu ɗaya na bar masa a rubuce. Sensar salansa ta gaba, mai auna hayaƙi, ta yi wata huɗu ko fiye tana shan hayaƙin mai, kuma na lura tana ɗan jinkirin amsawa in an saki totur. Ba ta kai ga sauyawa ba, na ce mu sake dubanta a juyen mai na gaba. Ya ɗauki iyafulon L na biyu ya sa a aljihun mota, ya ce buhunan masarar ma ya sa an kwashe su daga garejin gidan.